Dokin Sallah da Jakin Kaya: Babur a Birnin Greensboro

Mutumin da ya tashi a Kano, ko Maraɗi, ko Damagaram, ba ya bukatar a yi masa bayanin babur. Da shi malamin makaranta yake zuwa aiki, da shi ake kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, a kansa ake ɗaure buhun gero, da akuya, da yara uku masu tafiya makaranta. In ya tsaya, akwai bakanike a gindin kowace bishiya. In taya ta sace, mai faci yana nan kusa. In mai ya ƙare, ga kwalabe an jera a bakin hanya. To, in irin wannan mutum ya sauka a birnin Greensboro, cikin jihar Karolina ta Arewa a ƙasar Amurka, abin da zai fara ba shi mamaki shi ne rashin babura. Zai iya tsayawa a bakin titin Wendover da safiyar Litinin, lokacin da kowa ke gaggawar zuwa aiki, ya ga motoci ɗari sun wuce kafin ya ga babur ɗaya. Amma fa in ya dawo wurin ranar Asabar da hantsi, cikin watan Mayu, sai ya ji ƙasa tana girgiza, ya ga babura ashirin ko talatin sun biyo juna bibbiyu, kowanne yana ƙyalli sai ka ce dokin da aka yi wa ado domin hawan Sallah.

Ba kuwa zancen wofi ba ne a kawo ɗan ƙasar Hausa cikin wannan magana, gama Greensboro tana cikin garuruwan Amurka da mutanen Jamhuriyar Nijar suka fi yawa. Tun daga shekarun 1990 Zabarmawa da Hausawa suka fara zama a can, suna aiki a masana'antu, da rumbunan ajiye kaya, da kantuna, waɗansu kuma suna tuƙi. Akwai kuma mutanen tsaunukan Biyetnam, waɗanda suka fara isowa a 1986, su ma daga ƙasar da babur ya zama ƙafar kowa. Gari ne mai mutane wajen 300,000, wanda tun zamanin da jiragen ƙasa suka yi masa mahaɗa ake yi masa laƙabi da "Birnin Ƙofa", yau kuma manyan hanyoyi masu lamba 40 da 85 da 73 sun ratsa shi. Wani abin ban sha'awa shi ne, kamfanin Honda, wanda baburansa suka cika titunan Arewa tun zamanin Benly da roba-roba, yana da babbar ma'aikata a Greensboro, amma ba babur ake ƙerawa ba. Ƙananan jiragen sama ake yi, waɗanda aka fara miƙa wa masu saye a 2015.

Baƙon da ya zo da ƙaramin jari yakan yi tunanin da kowa zai yi: mota tana da tsada, babur kuwa ba ya shan mai, me zai hana ya fara da shi? Ba ya daɗewa yake gane cewa lissafin gida ba ya aiki a nan. Garin a baje yake, wurin aiki yana iya yin nisan kilomita 20 ko 30 daga gida, hanyar kuwa irin wadda motoci ke gudun kilomita 100 a awa ce, tare da manyan tireloli. Daga Disamba zuwa Fabrairu sanyi yakan sauka har ruwa ya daskare a kan gadoji, ya zama wani siririn gilashi da ido ba ya gani. A Yuli da Agusta kuma ga zafi mai gumi, ga hadari mai tsawa da yakan taso da la'asar ba sallama. Bugu da ƙari, babu wanda zai goya matarsa da 'ya'ya biyu da cefanen mako guda a kan babur, 'yan sanda su zuba masa ido. Shi ya sa ƙidayar da hukumomin Amurka ke yi ta nuna cewa masu zuwa aiki a kan babur ba su kai mutum 1 cikin 300 ba a ƙasar baki ɗaya.

To, su wane ne ke hawa? Galibi waɗanda suka riga suka mallaki mota ne, babur ya zama na biyu ko na uku a gareji. Wani bincike da ƙungiyar masu ƙera babura da masu sayar da su ta yi a 2018 ya gano cewa rabin masu babura a Amurka sun kai shekara 50 ko sun wuce, kuma kashi 19 cikin 100 mata ne. Watau abin da a Kano yake hannun samari masu neman na tuwo, a can yana hannun dattawa masu furfura, waɗanda suka gama biyan kuɗin gida, yara suka tashi, suka waiwayi abin da suka yi sha'awa tun suna ƙuruciya. Baburan da suke saye kuwa ba irin Boxer ko Jincheng ba ne masu injin si-si 100 ko 125. Babban Harley-Davidson na tafiya mai nisa, daga kamfanin da aka kafa a Milwaukee a 1903, injinsa ya wuce si-si 1,800, watau ya fi na ƙananan motoci da yawa girma. Nauyinsa ya haura kilo 350, kuɗinsa kuma ya haura dala 20,000. In ya faɗi, mutum ɗaya ba ya ɗaga shi sai ya san dabara: ya juya masa baya, ya durƙusa, ya tura da ƙarfin cinyoyi.

Sayen ma shi ne mai sauƙi. Dokar jihar ba ta yarda mutum ya hau babur da lasin mota kawai ba, sai an ƙara masa wata shaida ta musamman a kan lasin, bayan jarrabawar takarda da ta gwaji. Mutane da yawa sukan bi ta kwalejojin gundumomi, inda ake koyarwa a ƙarshen mako, a wani fili da aka jera wa alamu, da ƙananan babura na makaranta. Wanda ya ci, an ɗauke masa gwajin hukuma. Wanda ya shekara goma yana kabu-kabu a Maraɗi zai ga abin kamar raini, a ce wai za a koya masa riƙe kan babur. Amma abin da ake koyarwa ba riƙe kai ba ne. Ana koyar da yadda za a taka burkin gaba da na baya tare a cikin gudu ba tare da taya ta ja ba, da yadda za a kauce wa abu ba zato, da kuma wata ƙa'ida da ta saɓa wa hankali: in ana gudu, mai son ya karkata dama sai ya ɗan tura hannun dama gaba. Kowane mahayi yana yin haka ba tare da ya sani ba. Wanda ya sani ne kaɗai yake iya yin sa da gangan a ranar da rai ke kan siraɗi.

Sa'an nan ga takardu. Akwai harajin kashi 3 cikin 100 na kuɗin babur ranar da aka yi masa rajista. Kowace shekara tilas a kai shi a duba burki da fitilu da taya, a biya kuɗin lamba tare da harajin dukiya na gunduma, duka a takarda ɗaya. Inshora wajibi ce, kuma daga 1 ga Yuli, 2025 aka ɗaga mafi ƙarancin abin da za ta ɗauka zuwa dala 50,000 a kan raunin mutum ɗaya. Bakanike kuwa ba a gindin bishiya yake ba. A manyan shaguna ladan aikinsa na awa guda yakan wuce dala 100, ban da kuɗin kaya, a farkon lokacin hawa kuma sai mutum ya bi layi. Wannan ne ya sa Ba'amurke mai albashi mai kauri yake tsugunawa a garejinsa da daddare yana juye baƙin mai da kansa, yana ɗaure sarƙa, aikin da a Zariya yaron shago zai yi kafin mai babur ya gama shan shayi.

Da sanyi ya kama, akasari sai a jingine babura. Shi ma jinginewar tana da ilminta. Fetur ɗin da ake sayarwa a can gauraye yake da kashi 10 cikin 100 na wani sinadari da ake tatsa daga masara, wanda yake jan danshi daga iska; in ya kwana wata uku a tanki sai ya lalace, ya toshe hanyoyin mai. Don haka sai a cika tanki, a zuba maganin da ke hana man tsufa, a jona batir da wata 'yar na'ura mai ba shi wuta kaɗan-kaɗan, a lulluɓe babur kamar jariri. In watan Maris ya ƙare, itatuwa suka fara zubar da wani gari rawaya da ke rufe kome, sai a yaye lulluɓi. Malaman tuƙi sukan ja kunne game da waɗannan makonni na farko, domin hannun mahayi ya yi sanyi, direbobin mota kuma sun manta da cewa akwai wani abu mai ƙafa biyu a kan hanya.

Nan ne maganar take da nauyi. Babura ba su wuce kashi 3 ko 4 cikin 100 na abubuwan hawa masu rajista a Amurka ba, amma mahayansu su ne kimanin kashi 15 cikin 100 na waɗanda ke mutuwa a hanya. A 2022, da kuma 2023, an rasa fiye da mutum 6,000 kowace shekara. In aka auna da nisan tafiya, haɗarin mutuwar mai babur ya ninka na mai mota fiye da sau 20. Tun a 1981 wani malamin jami'a mai suna Harry Hurt ya fitar da sakamakon binciken haɗurra 900 da aka yi a yankin Los Angeles, ya nuna cewa wajen kashi uku cikin huɗu karo ne da wani abin hawa, kuma a yawancinsu direban motar ne ya shiga hakkin mai babur. Wanda ya fi yawa shi ne mota ta karya hagu a mahaɗa, ta gitta gaban babur mai tahowa, direban ya fito yana rantsuwa bai gan shi ba. Sau da yawa kuwa gaskiya ya faɗa: idon da ya saba neman mota yakan tsallake abin da bai kai faɗin mota ba. Saboda haka dokar Karolina ta Arewa ta tilasta wa mai babur ya bar fitilarsa kunne dare da rana. Ta kuma hana shi abin da a Kano ake ɗauka shi ne amfanin babur tun farko, watau kutsawa tsakanin layukan motoci in hanya ta cushe. In motoci sun tsaya, shi ma ya tsaya a bayansu, rana tana dukansa, zafin inji yana gasa masa ƙafafu.

Akwai wata doka kuma da kan ba baƙo dariya. A mahaɗu da yawa, waya ce aka binne a ƙarƙashin kwalta, wadda ke jin ƙarfen mota ta sanar da danja cewa akwai mai jira. Babur ba shi da ƙarfe mai yawa, sau da yawa wayar ba ta jin sa, sai mahayi ya yi ta zama gaban jar wuta da tsakar dare, babu kowa, wuta ta ƙi sakewa. A 2007 majalisar jihar ta yarda cewa in ya tsaya cik, ya jira minti 3, ya tabbata babu mota babu mai tafiya a ƙasa, to, yana da hujja in ya wuce.

Wadda ba ta da ban dariya ita ce ƙa'idar kotunan jihar game da diyya. A yawancin jihohin Amurka, in an yi haɗari, akan raba laifi, a rage diyyar wanda aka ji wa rauni gwargwadon nasa kason. Karolina ta Arewa tana cikin jihohi huɗu, tare da Virginia da Maryland da Alabama, da suka riƙe tsohuwar ƙa'ida: in aka tabbatar cewa sakacin wanda aka buge ya taimaka wajen aukuwar abin, ko da kaɗan ne, ba shi da ko sisi. Mai babur da mota ta gitta wa, ya karye ƙafa biyu, yana iya tashi hannu rabbana in lauyan kamfanin inshora ya nuna cewa ya ɗan wuce ƙa'idar gudu. A ƙasar da kwana guda a asibiti ke iya cinye albashin wata, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma baƙon da ya saba a sasanta irin wannan a gaban mai unguwa ya kamata ya san da shi kafin ya ɗora ƙafa a kan babur.

Sai kuma hular kwano, wadda aka shekara fiye da hamsin ana jayayya a kanta. Jihar ta wajabta ta ga kowa, mahayi da wanda aka goya, tun 1968. A lokacin gwamnatin tarayya ce ta matsa wa jihohi da barazanar rage musu kuɗin hanyoyi, har ya zama a 1975 jihohi 47 suna da irin wannan doka. A 1976 majalisar ƙasa ta janye barazanar, jihohi suka shiga warware dokokinsu ɗaya bayan ɗaya, yau waɗanda suka wajabta wa kowa ba su kai 20 ba. Karolina ta Arewa ba ta warware ba, ko da yake an sha kai ƙudurori gaban majalisarta domin a sakar wa manya mara. Hujjar masu neman haka ita ce, kan mutum nasa ne, baligi kuma shi ya san abin da ya fi masa. Likitoci suka ce ba haka ba ne: in kai ya fashe, ba mai shi kaɗai ke biya ba, har da iyalinsa da baitulmali. Ƙididdigar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta nuna hular tana rage mutuwar mahaya da kashi 37 cikin 100, kuma a wani rahoto na 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sa wannan jiha a kan gaba wajen rayukan da hular ta ceta. Hujjar likitocin ta fi ƙarfi, ko da yake ba ta fi daɗin ji ba.

Mai sauraro a Najeriya zai tuna da watan Janairu na 2009, sa'ad da aka fara tilasta hular, 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da robar fenti a ka. Kada ya ɗauka wannan wayo na gida ne kawai. A Amurka ma ana sayar da waɗansu huluna na ado, marasa kauri, da ba su tare kome, har sai da jihar ta gyara dokarta daga 2008, ta ce tilas hular ta cika ma'aunin gwamnatin tarayya, a kuma ɗaure igiyarta a haɓa. In kuwa ana son a ga ƙarfin doka da rauninta a wuri guda, sai a je kan iyaka da Karolina ta Kudu, inda wanda ya kai shekara 21 ba tilas ya sa ba. Ba abin mamaki ba ne a ga ayarin da ya taso daga Greensboro ya tsaya da zarar an ƙetare iyaka, waɗansu su tuɓe huluna su rataye a bayan babur, kamar dai kwaltar da ke gaba ta fi ta baya taushi.

Inda suka nufa shi ne bakin teku, tafiyar kilomita 300 da wani abu. A watan Mayu ana taro biyu a yankin Myrtle Beach. Na farko ya samo asali tun 1940, galibin mahalartansa farar fata ne. Na biyu, wanda aka fara a 1980 a ƙaramin garin Atlantic Beach, na baƙar fata ne, a wurin da a zamanin wariya shi ne bakin tekun da aka yarda su yi wanka. Ƙungiyar NAACP mai kare hakkin baƙar fata ta kai hukumar Myrtle Beach ƙara a 2003, ta sake kai ta a 2018, tana zargin cewa ana tsaurara wa taro na biyu dokokin hanya fiye da na farko. Ga mutanen Greensboro, garin da ɗalibai huɗu baƙar fata suka zauna a teburin cin abinci na kantin Woolworth ranar 1 ga Fabrairu, 1960 suka ƙi tashi, wannan ba baƙon zance ba ne. Baƙaƙen mahaya suna da ƙungiyoyinsu, cikinsu har da Buffalo Soldiers, wadda wani ɗan sanda mai suna Ken Thomas ya kafa a Chicago a 1993, da sunan rundunonin baƙaƙen sojan doki da aka kafa a 1866.

Waɗanda ba su son hayaniya sai su nufi yamma, wajen duwatsu. Akwai hanyar Blue Ridge mai tsawon kilomita 755, wadda ke bin ƙololuwar tsaunuka, ba a gudu fiye da kilomita 72 a awa, ba a kuma barin motocin kaya. Guguwar Helene ta yi mata mummunar ɓarna a Satumba 2024, aka rufe ta, aka riƙa buɗewa guntu-guntu. Can ƙurya, kan iyaka da Tennessee, akwai wata hanya da ake kira "Wutsiyar Dodo", mai kwana 318 cikin kilomita 18, a bakinta kuma akwai bishiyar da ake rataye tarkacen baburan da suka faɗi. Ba duka hawan ne na shaƙatawa ba: Kyle Petty, ɗan gidan nan da ya shahara da tseren motoci, tun 1995 yake jagorantar ayarin babura yana tara kuɗi, mafi yawansu domin sansanin yara marasa lafiya na Victory Junction, wanda aka buɗe a 2004 a Randleman, kudu kaɗan da Greensboro. A kan hanya kuwa, in mahayi biyu suka yi kiciɓis, kowa yakan sauke hannun hagu ƙasa ya miƙa yatsu biyu, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

Amma akwai wanda ba a cika miƙa wa yatsun ba. Shi ne mai ƙaramin babur ɗin nan da injinsa bai wuce si-si 50 ba, wanda doka ta ce kada gudunsa ya wuce kilomita 48 a awa. Ba a bukatar lasin kafin a hau shi, shekara 16 da hular kwano sun isa. Saboda haka ya zama abin hawan wanda aka karɓe wa lasin don tuƙi cikin maye, har mutanen jihar suka laƙaba masa sunan ba'a mai nufin keken mashaya. Ya kuma zama na wanda bai da kuɗin mota, da sabon zuwa da bai sami takardun tuƙi ba tukuna. Da can ko lamba ba a yi masa, sai a 2015 aka wajabta rajista, a 2016 aka ƙara da inshora. Shi kaɗai ne a Greensboro yake yin aikin da babur ke yi a Katsina, kuma shi ne ya fi kowa zama cikin haɗari, yana rarrafe a gefen titin da motoci ke ninka gudunsa.

A Kano, hukuma ta hana acaɓa cikin birni a Janairu 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A Nijar ma an hana hawan babur a yankin Diffa a 2015, da sassan Tillaberi a 2020, saboda 'yan bindiga. A waɗannan wurare, hana babur ya taɓa tukunyar dubban gidaje a rana ɗaya. A Greensboro, da za a wayi gari an yi irin wannan doka, masu manyan babura za su yi zanga-zanga, su ɗauki lauyoyi, ranar Litinin kuma su shiga motocinsu su tafi ofis. Wanda zai rasa aikinsa shi ne mutumin nan da ake gani da asuba cikin watan Janairu a gefen titin Gate City, ya sa riguna uku da safar hannu biyu, ya ɗaure kwanon abincinsa a bayan sirdi, yana sauri ya isa ma'aikata kafin ƙarfe 6.